Ranar da na kai Kawu kallon Padmaavat a Delhi

Kawu ya zo Indiya a farkon Janairun 2018 don a yi masa aikin gwiwa, ni kuma lokacin ina karatun digiri na biyu a Greater Noida, wani gari kusa da Delhi, don haka duk zirga-zirgar asibiti a kaina ta faɗa. Mun kama masa ɗaki a Hauz Rani, wata unguwar Musulmi a kudancin Delhi da ke cike da masaukan masu jinya, Afganawa da Larabawa da irinmu. Aiki ya yi kyau, Alhamdulillahi. Sati biyu da fitowa daga tiyata ya fara takawa da sanda, sai wata rana bayan isha'i ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, shekara arba'in ina kallon mutanen nan a bango, daga Plaza zuwa Orion. In na koma Kano ban shiga silimarsu ba, me zan gaya wa 'yan majalisa?" Na yi dariya na ce ai wannan ba wani abu ba ne, gobe ma sai mu je. Sai da muka kwana biyar kafin mu zauna a kujerun. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya gudana, tunda kowace shekara mutanenmu na zuwa jinya ko karatu, kuma da wuya ka sami wanda bai yi sha'awar abin da Kawu ya yi sha'awa ba.

Matsala ta farko ita ce fim ɗin da ya zaɓa. Talabijin ɗin falon masaukin ba ta da wani labari a makon sai na Padmaavat, fim ɗin Sanjay Leela Bhansali a kan Padmavati, sarauniyar birnin Chittor, da Sarkin Delhi Alauddin Khalji ya ƙwallafa rai a kanta har ya kai wa birnin yaƙi. Rigimar ta kai shekara ana yi. Tun Janairun 2017 'yan Karni Sena, wata ƙungiya ta al'ummar Rajput da ke ɗaukar sarauniyar a matsayin tasu, suka far wa masu ɗaukar fim ɗin a Jaipur, har da marin daraktan, saboda jita-jitar cewa akwai wurin da za a nuna sarkin Musulmin yana mafarkin soyayya da sarauniyarsu. Daraktan ya yi ta musantawa, ba wanda ya saurare shi. An so a saki fim ɗin ran 1 ga Disambar 2017, aka ɗage. Hukumar tace fina-finan Indiya ta ce sai an yi gyara biyar, ciki har da sauya suna daga Padmavati zuwa Padmaavat, don a san daga wata tsohuwar waƙa aka ɗauko labarin. Wasu jihohi suka ce duk da haka ba a ƙasarsu ba, Kotun Ƙoli ta dakatar da haramcin nasu ran 18 ga Janairu, aka tsayar da Alhamis 25 ga wata. Ana gobe fitowa aka ƙona motar haya a Gurugram, nan bayan Delhi, aka kuma jefi motar 'yan makaranta da duwatsu yara na ciki. Muna zaune da kofin shayi muka ga bidiyon, yara sun kwanta a ƙasan mota suna kuka. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a zaɓi wani fim ɗin mana." Ya ce fim ɗin da ake ƙona mota a kansa ai shi ne fim.

Ni tsorona yana da dalili. A Maris ɗin 2017 ina Greater Noida lokacin da taron mutane suka yi wa ɗaliban Najeriya duka a cikin wani katafaren kanti, muka yi kwanaki ba mu leƙa ko ƙofar gida ba. Tun daga nan na koyi cewa in gari ya ɗau zafi, baƙar fata ba ya buƙatar yin laifi. Amma Kawu ya kafe, don haka na fara da abin da nake ganin zai kashe maganar: na kai ƙararsa wurin likitan gashin ƙashin da ke zuwa masa kowace safiya. Na zaci zai ce a'a. Mutumin ya yi murmushi ya ce shi ma ya sayi tikitinsa. Sharaɗinsa uku ne: kujerar bakin hanya don a miƙe ƙafa, a tashi a taka lokacin hutun rabin lokaci, kuma a guji bene mai tsawo. Kawu ya dube ni ta wutsiyar ido bai ce komai ba.

Daga nan sai neman inda ake nunawa. Ƙungiyar masu manyan gidajen silima ta sanar cewa ba za ta nuna fim ɗin a Rajasthan da Gujarat da Madhya Pradesh da Goa ba, amma a Delhi ana nunawa, 'yan sanda na gadi. Muka bar Alhamis ta wuce don mu ga yadda gari zai kwana. Juma'a kuma 26 ga wata ce, Ranar Jamhuriya, an rufe hanyoyin tsakiyar birni saboda fareti, ga shugabannin ƙasashe goma na kudu maso gabashin Asiya a gari. Sai da yammar Juma'ar na buɗe manhajar sayen tikiti. BookMyShow da Paytm su ne aka fi amfani da su a lokacin, kuma kana buƙatar layin wayar Indiya don ta nan tikitin zai zo. A nan akwai abubuwan da ba wanda ya taɓa yi mini bayaninsu. Fim ɗaya yana fitowa a jere kala-kala: na Hindi, na Tamil, na Telugu, sannan na allo zalla, na tabarau mai fito da hoto, da na babban allon IMAX. In ka yi gaggawa sai ka tsinci kanka kana sauraron Tamil awa uku. Kuma galibi babu fassarar Turanci a ƙasan allo, sai an rubuta akwai. Sannan akwai harafin da hukumar tacewa ke ba kowane fim: U na kowa da kowa ne, U/A a lokacin yaro ƙasa da shekara 12 sai da babba, A kuma na wanda ya cika 18 ne kawai, ko da uwarsa ya zo ba a barin yaro ya shiga. Padmaavat U/A ne. Da na ga haka sai hankalina ya ɗan kwanta ta wani ɓangaren, domin ban faɗa wa kowa ba, amma bayan tsoron duka akwai wani tsoron: in zauna kusa da ƙanen mahaifiyata a nuno abin da zai sa in rasa inda zan sa idona.

Biyan kuɗi ne ya fi cin rai. Asusuna na Indiya babu komai a ciki, kuɗin gida bai iso ba, sai na ce bari in gwada katin naira na Kawu. Yadda manhajar take, in ka zaɓi kujera tana riƙe maka ita na 'yan mintuna, in ba ka biya ba ta sake ta. Na zaɓi kujeru biyu masu kyau na Lahadi da safe, na sa kati, aka ce a jira lambar da bankin gida zai turo. Lambar tana zuwa ne a layin Najeriya, layin kuma yana cikin ƙaramar wayar Kawu da ke ƙasan akwati a kashe. Kafin mu tono ta mu kunna, kujeru sun tafi. Na sake zaɓar wasu, lamba ta zo, banki ya ƙi biya. Sau biyu. Daga ƙarshe na sauka wurin yaron da ke kula da masaukin, na ba shi tsabar kuɗi ya biya da wayarsa, na ƙara masa rupi 50 na shan shayi. Tikiti ɗaya rupi 320, da kuɗin hidimar manhaja abin ya kai kusan 700 mu biyu, wajen naira dubu huɗu a canjin lokacin. Haraji na ciki, kuma a shekarar kashi 28 cikin ɗari ne a kan duk tikitin da ya haura rupi 100. An rage shi a farkon 2019.

A cikin wannan gaggawar na tafka kuskuren da ba na wani ba ne, nawa ne. A taswirar kujerun, allon yana ƙasa ne, ni kuma na ɗauka ƙasan nan ne ƙofa, wato baya. Na ga kujeru biyu a bakin hanya, har da sauƙin kuɗi, na ce yau na yi tsintuwa. Sai da saƙo ya shigo yaron masaukin ya duba ya ce, "Ai layi na uku daga allo ka saya." A silimar Indiya gaba ne na masu ƙaramin ƙarfi, baya ne na masu hali, kuma irin tikitin da na saya ba a mayarwa ba a canzawa. Da na gaya wa Kawu sai ya ce ai shi a Plaza ma can gaba yake zama, nan ne 'yan kallo na gaskiya suke.

Daren Asabar muka yi muhawarar tufafi. Ya fito da shaddarsa ruwan toka da hular zanna bukar ya rataye. Na ce, "Kawu, a bar hular nan a ɗaki, a sa ta sanyi." Ya ce hularsa ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba. Iyakar abin da na ci nasara a kai shi ne ya ɗora jaket a sama, shi ma don sanyin Delhi na Janairu ba ya jin lallashi, hazo ya rufe gari har ƙarfe tara na safe. Na sa kwafin fasfo da bizarsa a aljihunsa, ni kuma katin makaranta da kwafin takardar rajistata ta baƙi. Ba a tambaye mu ba, amma ban taɓa fita babu su ba. Mun zaɓi na ƙarfe goma da kwata ne saboda salla. Fim ɗin kansa awa biyu ne da minti arba'in da 'yan kai, in ka haɗa da talla da hutu ya haura awa uku, saboda haka na rana zai cinye maka la'asar, na yamma ya haɗiye magariba.

Da safe muka hau a-daidaita-sahu, wanda ko a Kano asalinsa daga can ake kawo mana shi, rupi 40 ya sauke mu a bakin kantin da silimar ke samansa. Motar 'yan sanda biyu a ƙofa, da shingen ƙarfe. Babu ko hoton fim ɗin guda a waje. Bincike biyu ne: na shiga kanti, inda ake wucewa ta ƙofar na'ura a sa jaka a inji, da na ƙofar silima a sama, inda ake lalube ka da hannu, mata kuma a bayan labule. Ba a shiga da abinci ko abin sha daga waje, ba taba, ba ashana, ba cingam, ba kyamara. Mai gadin ya laluba aljihun Kawu ya zaro carbi, ya mayar. Ya zaro ƙwayoyin magani, na nuna takardar likita a waya, ya mayar. Sai ya zaro wani ƙullin leda, ya kwance, ga goro biyu fari da ja a naɗe cikin tsumma mai danshi. Ya juya su, ya shinshina, ya kira na gaba da shi. Na yi ta bayani da Turanci, ba su gane ba. Kawu ya karɓi ɗaya ya ɓare da farce, ya ciji gefe, ya miƙa wa mai gadin ɗaya ɓarin ya ce "supari", sunan irin nasu ɗan itacen da suke taunawa. Mutumin ya ɗanɗana, fuskarsa ta yamutse, layin da ke bayanmu ya fashe da dariya. Duk da haka doka doka ce: aka ajiye goron a teburi, aka ba mu ɗan katin lamba.

An ba mu tabarau a ƙofar zaure. Sai ga shi kuskurena ya yi rana, don ta ƙasa kusa da allo ake shiga, taka uku kawai Kawu ya hau ya zauna, masu tsadar kujera kuwa suna ta haki zuwa sama. Zauren ya cika maƙil, da tsofaffi da 'yan mata da masu goyo. Aka yi tallace-tallace, aka yi na hana shan taba, sannan tuta ta bayyana. Tun Nuwamban 2016 Kotun Ƙoli ta wajabta sa taken ƙasa kafin kowane fim, ran 9 ga Janairun 2018 ta ce ba dole ba ne, amma gidaje da yawa sun ci gaba, kuma in an sa dole ka miƙe. Daƙiƙa 52 ne. An ɗauke wa naƙasassu, sai dai an taɓa dukan wani mai keken guragu a Goa saboda bai tashi ba, don haka na riga na gargaɗi Kawu. Kafin in miƙa masa hannu ya riga ya dogara sanda ya tsaya ƙyam kamar tsohon soja. Daga nan takardar hukumar tacewa ta fito a allo, sai dogon rubutun cewa fim ɗin ba ya da'awar tarihi kuma ba ya goyon bayan ƙona mata. Wani daga baya ya yi wata magana, rabin zauren ya yi dariya.

Da Ranveer Singh ya shigo a matsayin Khalji, an ce ya kawo gashin jimina guda ya janyo jiminar sukutum, sai fito ya kaure ta ko'ina. Kawu ya gyara zama ya ce, "To, ga bos." Ni da na shekara da rabi a ƙasar Hindina na cefane ne, shi kuwa da bai taɓa zuwa ba shi ke raɗa mini fassara, kamar yadda yake yi wa mutane a gidan kallo tun ina yaro. Abin da nake tsoro bai daɗe ba ya zo: daren auren Khalji, aka nuno shi da wata matar daban a lungu. Na cire tabarau na shiga goge shi da gefen riga kamar wanda aka biya. Kawu ya yi gyaran murya ya duba agogo. Wata mata a layinmu ta sa tafin hannu ta rufe idon ɗanta, yaron na leƙe ta tsakanin yatsu. Samarin baya kuwa shewa suka yi. Amma soyayyar jarumin da jarumar, Shahid Kapoor da Deepika Padukone, wato sarkin Chittor da sarauniyarsa, wata iri ce: ta harbe shi da kibiya tana farautar barewa, ta yi jinyarsa, daga nan kallo ne da jan numfashi da ɗaura rawani. A nan zauren shiru yake yi, sai ƙarar gugguru. Da aka zo rawar Ghoomar, 'yan matan bayanmu suka hau raɗa suna nuna allo, domin a bidiyon waƙar na farko cikin jarumar a buɗe yake, a wannan kuma an bi da kwamfuta an rufe. Na gaya wa Kawu. Ya ce ashe su ma suna da masu almakashi irin namu na Kano, ya ƙara da cewa a zamaninsu in soyayya ta yi zafi fure biyu ake nunawa suna haɗa kai, kowa ya gane, ba wanda ya ji kunyar wani.

Lokacin hutu na tashe shi muka taka kamar yadda likita ya ce. Gugguru babba ya fi tikitinmu tsada, muka sayi shayi da samosa biyu kawai. Wani dattijo da ke kusa da mu da matarsa ya tambayi ƙasarmu. Kafin in buɗe baki Kawu ya amsa da Hindin fim, ya shiga jero masa jarumai, ya ce mu a garinmu Dharmendra Sarkin Ƙarfi muke ce masa, na fassara. Dattijon ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya kira matarsa ta ji. Ya ce 'ya'yansa sun hana shi fitowa, shi kuma ya ce sai ya ga abin da ake faɗa a kai da idonsa. Wani saurayi mai sanye da ɗan kunne ya tsoma baki, ya ce shi Rajput ne, tun ɗazu yake jiran wurin mafarkin nan bai gani ba. Har aka tashi bai gani ba, don babu shi. Khalji da sarauniyar ba su taɓa tsayawa wuri ɗaya ba a duk tsawon fim ɗin.

Bayan hutu ne abin ya fara yi mini nauyi, kuma ba ta inda na zata ba. Wurin wankan Khalji da bawansa Malik Kafur yana masa waƙa ya sa zauren dariyar ƙeta, na sake goge tabarau. Wannan mai wucewa ne. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda aka gina bos ɗin: gashi buzu-buzu, kwalli ya zazzago, yana yagar nama da haƙori maiƙo na bin gemu, fadarsa duhu kamar kogo, ba alƙawarin da ba ya karyawa. Can ɓangaren kuma haske ne da tsabta da dogayen kalamai a kan mutuncin Rajput, kowanne aka faɗa sai an tafa. Da aka zo inda mayaƙan Chittor suka shiga Delhi cikin shigar mata suka kai hari lokacin da sojojin sarki ke salla, zauren ya ɗau ihu da tafi. Na ji Kawu ya daina fassara. Tun ina ɗan shekara shida nake kallon fim ɗin Indiya, kuma ko yaushe ina bayan jarumi ba tare da na tambayi kaina ba. Ran nan ne na fara lura cewa wanda ake jira a kashe irin sallata yake yi, kuma ina zaune a layi na uku kusa da mutum ɗaya tilo mai hula a zauren. Ba wanda ya ce mana uffan, ba wanda ya ko harare mu, gaskiya ɗaya ce. Amma na ƙirga ƙofofin fita.

Ƙarshen fim ɗin shi ne abin da suke kira jauhar. An kashe sarkin Chittor da kibiya ta baya, sai matan fada suka sa jajayen kaya suka nufi wuta a jere don kada su faɗa hannun maƙiyi, har da mai ciki, har da ƙaramar yarinya. An ja wurin, an ƙawata shi da kiɗa da haske har ka manta me kake kallo. Zauren ya yi tsit. Matar dattijon nan tana share hawaye da gefen mayafi. Da allo ya yi duhu sai tafi ya ɓarke, wasu samari suka miƙe suna kirarin "Jai Bhavani", wato jinjina ga wata abar bautar Hindu. Kawu ya ce, "Innalillahi. Da ƙafarsu?" Can kuma ya ƙara, da muryar wanda aka cuta a ciniki, "Kuma bos bai mutu ba."

Fita ma sai da dabara. Ba ta inda aka shigo ake fita ba, wata ƙofa ake buɗewa da ke kai ka dogon bene ta bayan gini. Na roƙi ma'aikacin da ke karɓar tabarau, ya ga sanda, ya bar mu muka koma ta ƙofar shiga zuwa lifta, muka karɓi goronmu. Muna jiran lifta 'yan mata biyu na gardama da Turanci, ɗaya na cewa ba ta taɓa ganin fim mai kyan wannan ba, ɗayar na cewa an mai da ƙonewar mata biki. A ƙarshen makon ne wata jaruma, Swara Bhasker, ta rubuta wa daraktan buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan wannan batun, ƙasar ta sake ɗaukar wata sabuwar muhawarar. A cikin liftar wani mutum da matarsa mai hijabi ya dubi hular Kawu ya yi mana sallama a hankali. Ya ce, "Ba haka yake ba," ya fita a hawa na gaba. A ganina waɗanda suka ƙona motoci su fim ɗin ya fi yi wa kirari, waɗanda ke da abin cewa kuwa a lifta suka faɗe shi. Malesiya dai ta hana nuna shi a ƙasarta.

Wanda zai bi sawunmu, ga abin da zan ce masa. Ya biya da asusun Indiya ko ya ba wani ɗan ƙasa tsabar kuɗi, ko kuma ya je tagar sayar da tikiti da kansa kwana ɗaya kafin ranar, kada ya dogara da katin gida. Ya nemi inda aka zana allo a taswira kafin ya taɓa kujera, ya duba harshe, ya duba harafin hukumar tacewa, ya kuma sani U/A ɗinsu ba ya nufin za ka iya kallo da surukinka. In da dattijo za a je, a tambayi wanda ya riga ya gani. A lissafa lokacin salla, domin ba kowane kanti ke da wurin yinta ba. Mu sai da muka koma Hauz Rani muka yi azahar. In fim na rigima ne a bar kwana biyu ko uku na farko su wuce, a je na safe, a zaɓi silimar da ke cikin babban kanti mai bincike biyu. Mai ciwon wuya ya guji tabarau a layin gaba. Kawu gwiwarsa lafiya lau ta dawo, wuyansa ne ya kwana biyu yana shan man zafi. Goro kuma a bar shi a ɗaki.

Ran Talata, saura kwana uku ya tashi, na kai shi Qutb Minar, wata doguwar hasumiyar tarihi da Khalji ya yi gine-gine a harabarta, tafiyar minti ashirin daga masaukin, rupi 500 kowane baƙo a lokacin, ɗan ƙasa 30. Na yi karatun dare biyu a kan mutumin, don haka ni ne mai fassara yau. Khalji ya yi mulki daga 1296 zuwa 1316, ya kashe baffansa ya hau gado, wannan gaskiya ne, ya ci Chittor a 1303. Shi ne kuma ya kori mayaƙan Mongol daga ƙofar Delhi ba sau ɗaya ba, ya ƙayyade farashin hatsi a kasuwa. Mawaƙin fadarsa Amir Khusrau yana tare da shi a yaƙin Chittor, bai ambaci wata Padmavati ba. Sunanta ya fito ne a waƙar Malik Muhammad Jayasi ta 1540, shekara 237 bayan yaƙin, shi kuma Jayasi Musulmi ne, sufi. Na nuna wa Kawu Alai Darwaza, ƙofar jan dutse da ya gina a 1311 da rubutun Larabci a jikinta, da kututturen hasumiyar da ya so ta ninka Qutb Minar tsawo ya mutu ba ta wuce hawan farko ba. Kabarin da ake cewa nasa ne yana can kusurwa cikin kangon makarantarsa, ba rufi, ba kowa sai tattabaru da wasu masoya biyu da suka ga hula suka tashi. Kawu ya zauna a kan dutse ya miƙe ƙafa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a gajeriya, sannan ya ɓare ragowar goron mai gadi ya ba ni rabi. Ya ce in nemo masa faifan fim ɗin ya kai wa 'yan majalisa, don in ya ce musu bos bai mutu ba ba za su yarda ba. Na ce a bar kuɗin a aljihu, kafin gwiwar ta gama warkewa 'yan fassara sun juye shi da Hausa.